Yadda Ake Gwada Ran Irin Dangin Wake na Kiwo a Rumbun Adana Iri

Tambayar da ta fi yawan iso mini daga ɗaliban aikin gona da ma'aikatan tashoshin bincike ita ce: irin tsirran kiwo dangin wake, kamar lablab ko stailo ko gadagi, da aka ƙunshe aka sa a firiza shekaru da suka wuce, ta yaya za a san ko yana da sauran rai, kuma sau nawa ya kamata a riƙa duba shi? Wasu sun ce sun jera ƙwaya hamsin a kan jiƙaƙƙiyar takarda, goma sha biyu kawai suka tsiro, sai suka yanke hukuncin cewa irin ya mutu. A galibin irin waɗannan lokuta irin bai mutu ba. Ko dai taurin ɓawonsa ne ya hana ruwa shiga, ko kuma mai gwajin ne ya kashe shi da hannunsa saboda ya gabatar da matakin da ya kamata ya jinkirta.

Tsarin da ke ƙasa ya dogara ne a kan ƙa'idojin rumbunan iri da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2014, waɗanda manyan rumbunan ciyayin kiwo irin na cibiyar binciken dabbobi ta duniya (ILRI) a Addis Ababa da na cibiyar binciken noman yankuna masu zafi (CIAT) a Palmira ta ƙasar Kolombiya suke aiki da su. Na daidaita shi ne ga ƙaramin ɗakin gwaji mai firiza ɗaya ko biyu da wutar lantarkin da ba ta da tabbas.

Kayan aiki da abin da ke cin kuɗi

Ana buƙatar sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, farantan gilashi ko na roba masu murfi, takardar tacewa ko tawul ɗin takarda marar turare da rini, tataccen ruwa, hantsaki, reza ko abin yanke farce, samfefa mai laushi, ƙaramin ma'aunin laimar iska, ma'aunin zafi mai nuna iyakar hawa da sauka, ƙwayoyin silika masu tsotse danshi, jakunkunan alminiyam da injin liƙe bakinsu, da fensir. Akwatin tsiro mai riƙe zafi a digiri 25 shi ne abu mafi tsada a jerin, kuma idan babu shi ana iya amfani da ɗakin da zafinsa ba ya yawan hawa da sauka, muddin za a rubuta zafin kowace rana.

Yawancin kayan nan sau ɗaya ake sayensu. Abin da ke cin kuɗi a kai a kai shi ne man janareto da lokacin ma'aikaci, sai kuma irin kansa, domin duk ƙwayar da aka gwada ta tafi ke nan. Rumbu mai samfuri 1,000, wato ƙunshin iri daban-daban kowanne da lambarsa, da ke gwada kowanne bayan shekara 5 zai yi gwaji 200 a shekara, wanda ke gwadawa bayan shekara 10 kuma zai yi 100. Saboda haka yawan gwaji ba alamar kulawa ba ne, wani lokaci ɓarna ce.

1. A fara da rajista

Kafin a taɓa murfin firiza, a buɗe rajista a fitar da lambar samfurin, sunan tsiron, shekarar girbi, sakamakon gwajin farko, hanyar da aka bi wajen yin sa, da adadin ƙwayar da ta rage. Ƙa'ida ita ce a yi gwajin farko bayan an tsabtace iri an busar da shi, ko aƙalla cikin wata 12 da karɓarsa, domin da wannan sakamakon za a riƙa auna duk wanda zai biyo baya. Idan ba a taɓa yin gwajin farko ba, na yau shi ne na farko, kuma a rubuta haka ɓaro-ɓaro.

A duba kuma tarihin zafin firizar. Ajiya ta dogon zango tana son digiri 18 ƙasa da sifili, da sassaucin digiri 3 sama ko ƙasa, ta matsakaicin zango kuma digiri 5 zuwa 10. Busasshen iri a cikin liƙaƙƙiyar jaka yana jure 'yan kwanaki na ɗaukewar wuta. Abin tsoro shi ne jakar da ta huje ta kwanta cikin ruwan narkakkiyar ƙanƙara. Duk samfurin da ya gamu da haka a sa shi gaban layi ko da lokacin gwajinsa bai yi ba.

Gargaɗi: idan ƙwayar da ta rage ba ta kai ta shuka sau uku ba, kada a ɓata ta a gwaji. A wuce da ita kai tsaye zuwa mataki na 9.

2. A bar ƙunshin ya saki sanyi

A fitar da jakar a ajiye ta a rufe a kan tebur har kwana ɗaya. Kowa ya san yadda kwalbar ruwan sanyi ke yin gumi idan an fito da ita daga firij. Haka iri mai sanyi ke jawo raɓa daga iska da zarar an buɗe jakarsa, kuma wannan raɓar ba ƙwayoyin gwaji kaɗai take taɓawa ba, har da waɗanda za a mayar ajiya. Tsohon ma'aunin da masu adana iri ke aiki da shi yana cewa ƙarin danshi da kashi ɗaya cikin 100 yana rage rabin tsawon ran iri, haka ma ƙarin zafi da kusan digiri 5. Gaggawar minti goma tana iya cinye shekaru.

A Arewa akwai sauƙin da ya kamata a ci moriyarsa: a tsara buɗe jakunkuna a lokacin hunturu, sa'ad da iska take a bushe, a guji watan Agusta.

3. Ɗibar ƙwaya da mayar da saura

A girgiza jakar kafin a ɗiba, domin ƙananan ƙwayoyi suna gangarawa ƙasa. Kada a zaɓi masu kyan gani. A ɗiba yadda hannu ya faɗa, sai dai a cire tsakuwa, ɓawon da babu ƙwaya a ciki, da wanda ƙwaro ya huda, a rubuta adadinsu daban. Ɗakunan gwajin irin kasuwa suna amfani da ƙwaya 400, amma rumbun adanawa ba shi da wannan wadatar. Ƙwaya 200 ta isa gwajin farko, 100 kuma ta isa na bibiya, a raba ta gida biyu hamsin-hamsin. Ana iya sauka zuwa 50 idan iri ya yi ƙaranci, sai dai a san cewa a wannan adadin sakamakon yana iya kaucewa gaskiya da kusan maki 10 sama ko ƙasa, alhali a ƙwaya 200 kaucewar ba ta wuce kusan maki 5.

Kafin a liƙe sauran, a zuba shi a ƙaramar kwalba mai rufuwa tsam tare da ma'aunin laima, a jira har lambar ta tsaya. Idan ta nuna kusan kashi 15 cikin 100, iri yana nan a bushe. Idan ta haura 25, a sake busar da shi a rufaffen mazubi tare da silika mai nauyi daidai da nasa, ana canza silikar duk lokacin da launinta ya juya. Wannan hanya ta fi ta tanderu, wadda ake gasa iri a digiri 103 na tsawon awa 17 a auna nauyin da ya ragu, domin ta tanderu tana kashe abin da aka auna. Bayan an liƙe, a matsa jakar a ji ko iska na fita, sannan a rubuta sabon adadin da ya rage a jikinta da cikin rajista.

4. Karce ɓawo

A nan ne aka fi yin asara, kuma a nan ne dangin wake na kiwo suka bambanta da gero da dawa. Stailo, sentiro, lukina, gadagi da itatuwa irin gawo da bagaruwa suna da ɓawon da ruwa ba ya ratsawa. A daji wannan taurin ne ke sa irin ya kwana a ƙasa damina bayan damina, sai zafin rana ko cikin dabba ya sassauta shi. Busarwar da ake yi kafin ajiya kuma tana ƙara taurin, shi ya sa samfurin da ya tsiro da kyau yana sabon girbi yake iya komawa kamar tsakuwa bayan shekara biyu a firiza, alhali lafiyarsa lau.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ta hannu. A riƙe ƙwaya da hantsaki, a nemo hancinta, wato wurin da ta manne da kwasfa, sannan a ɗan yanki ɓawon a ɗaya gefen, can nesa da hancin, daidai yadda farin ciki zai ɗan bayyana. Saiwar da za ta fito tana kwance ne dab da hancin, kuma yanka a wajen kashe ƙwayar ne. Ga masu girma irin gawo da lukina abin yanke farce ya fi reza saurin aiki. Ga ƙanana irin stailo da gadagi, a shimfiɗa su tsakanin samfefa biyu a murza a hankali, a tsaya a duba da gilashin ƙara girma. Da zarar ƙyallin ɓawon ya dushe, a daina. Wasu nau'o'in stailo suna zuwa ne cikin kwasfarsu, saboda haka a rubuta ko an ɓare su ko ba a ɓare ba.

Aikin yana da cin rai, ba na musun haka, kuma shi ya sa mutane ke komawa ga ruwan zafi. Tsoma iri a ruwa mai digiri 80 na 'yan mintoci hanya ce sananniya ga manomin da zai shuka buhun lukina ko stailo, kuma tana yi masa aiki. A gwajin tsohon iri kuwa tana ɓata lissafi, domin a cikin kowane samfuri akwai ƙwayoyin da ɓawonsu ya riga ya saki, su kuma ruwan zafin dafa su yake yi, sai a rubuta su a matsayin matattu alhali da ransu aka tsoma su.

Gargaɗi: wasu ɗakunan gwaji suna amfani da asid mai ƙarfi. Wanda ba shi da safar hannu, tabarau da horo ya bar wannan hanyar. Wanda zai yi kuma ya tuna cewa ba a zuba ruwa a cikin asid.

Gargaɗi na biyu: duk hanyar da aka bi a gwajin farko, ita za a bi a na gaba. Sakamakon samfefa da na ruwan zafi ba sa kwatantuwa.

5. A shaƙar da iri laima kafin ruwa

Irin da ya bushe ƙwarai, idan aka ɗora shi kai tsaye a kan ruwa, yana zuƙa da ƙarfin da ke farfasa ƙwayoyin halittarsa. Manyan ƙwayoyi irin wake da lablab sun fi fuskantar wannan, haka ma duk wanda aka riga aka karce. Alamarsa ita ce tsiro mai tsagaggen ganyen farko, ko ƙwayar da ta kumbura ta ruɓe ruwan da ke kewaye da ita ya yi kauri.

Maganin ba ya cin ko kwabo. A zuba ruwa a ƙasan roba mai murfi, a ɗora raga ko rariya a sama yadda ba za ta taɓa ruwan ba, a baza irin a kai, a rufe har awa 24. Manyan ƙwayoyi suna iya kai awa 48. A lura da jerin: karcewa ce farko, shaƙar laima ta biyo baya, domin ɓawon da ya hana ruwa shiga zai hana laima ma.

6. Shimfiɗawa

Ƙananan ƙwayoyi a jera su a kan takarda biyu masu danshi a cikin faranti. Manya a jera su tsakanin tawul biyu, a naɗe kamar tabarma, a tsayar da naɗin a cikin leda, ko a shuka su a wankakken yashin da aka gasa. A bar tazarar da ta kai girman ƙwaya biyu ko uku a tsakani don kada ruɓaɓɓiya ta harbi maƙwabciyarta. Takarda ta jiƙe amma kada ruwa ya kwanta. Idan aka karkata farantin ruwa ya gangaro, ya yi yawa. A rubuta lamba da kwanan wata da fensir, domin tawadar biro tana narkewa.

Zafin da ya dace da yawancin waɗannan tsirrai shi ne digiri 25 tsaye, ko sauyi tsakanin 20 na awa 16 da 30 na awa 8. Ba kowane samfuri ke buƙatar wanki da ruwan bilic ba. Idan rajista ta nuna ya taɓa yin fumfuna, a sirka bilic ɗin zuwa kashi 1 cikin 100 bisa abin da aka rubuta a jikin kwalbar, a tsoma na ɗan lokaci, a ɗauraye sau uku. Mai taurin ɓawo a wanke shi kafin a karce, marar tauri kuma bayan ya shaƙi laima.

7. Ƙirga

Ana ƙirga wake a kwana na 5 da na 8, lablab da stailo a kwana na 4 da na 10. Irin daji da tsohon iri suna da nawa, saboda haka a ba su har kwana 21 idan ana ganin alamar motsi. A kowace ƙirga a cire waɗanda suka kammala, a ƙara ruwa idan takarda ta fara bushewa.

Leƙowar saiwa ba ita ce tsiro ba. A ranar ƙarshe kowace ƙwaya tana faɗawa ɗaya daga rukuni biyar. Akwai lafiyayyen tsiro mai cikakkiyar saiwa, miƙaƙƙen kara da ganyen farko. Akwai naƙasasshe, wanda saiwarsa ta dunƙule ko ta tsage, ko karansa ya yi ruwa-ruwa, ko ya rasa toho. Akwai mai tauri, wanda bai sha ruwa ba sam, yana nan yadda aka ajiye shi. Akwai wanda ya kumbura bai tsiro ba amma yana da ƙarfi idan an matsa. Akwai matacce, mai laushi da wari, galibi da fumfuna a jikinsa.

Lafiyayyu kaɗai ake sa wa a lissafin tsiro. Naƙasassu kuwa kada a raina adadinsu, domin iri ba ya mutuwa farat ɗaya: yana fara jinkirin fitowa, sannan naƙasassu su yawaita, sannan mutuwa ta biyo. Samfurin da naƙasassunsa suka tashi daga 2 zuwa 12 yana ba da sanarwa ne, ko da jimillar masu rai ba ta sauka sosai ba.

Masu tauri da suka rage, alama ce cewa karcewar ba ta kama su ba. A sake karce su, a mayar da su faranti na ƙarin mako guda. Waɗanda suka kumbura suka ƙi fitowa a tsaga su da reza: ciki fari mai tauri alamar rai ce, ruwan ƙasa mai laushi kuma mutuwa. Inda ake da sinadarin tetirazoliyam, a jiƙa su a ruwansa mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 a wuri mai duhu da ɗumi. Sashen da ke da rai yana rinewa ja, matacce kuma ya tsaya fari.

8. Lissafi da hukunci

A ɗauka samfurin lablab ya ba da kashi 92 a gwajin farko. Iyakar da ƙa'ida ta sa ita ce kashi 85 cikin 100 na wannan sakamakon farko, wato 92 sau 0.85, wanda ya ba da 78.2. Mutane da yawa suna kuskuren ɗaukar 85 ɗin a matsayin iyaka ga kowane samfuri, sai su yi ta sabunta irin daji da tun asali bai taɓa wuce 70 ba.

A ce yau gida na farko ya ba da lafiyayyu 41 cikin 50, na biyu 38, jimilla 79. Masu tauri uku sun rage, an sake karce su, biyu sun tsiro lafiya, sakamako ya zama 81. A takarda ya haura iyaka, amma da tazarar da ba ta kai kaucewar gwajin ƙwaya 100 ba, wadda ke kusan maki 8. A irin wannan hali ni ba na ɓata wata ƙwaya 100 don neman tabbaci. Ina sa samfurin a jerin waɗanda za a sabunta cikin damina biyu masu zuwa. Idan kuwa gidajen biyu suka yi nisa da juna, misali 45 da 28, matsalar daga gwajin take, ko faranti ɗaya ya bushe ko fumfuna ta cinye shi, kuma dole a maimaita.

Ranar gwaji na gaba ana fitar da ita daga tarihin tsiron. Ƙa'ida ta ce tazara ta zama sulusin lokacin da ake hasashen iri zai ɗauka kafin ya sauka zuwa iyaka, kuma kada ta wuce shekara 40. Idan rajista ta nuna cewa wani nau'i yana ɗaukar shekara 45, a riƙa gwada shi bayan kowace 15. Inda babu tarihi, a sa shekara 10 ga masu dogon rai, 5 ko ƙasa da haka ga masu gajere. Masu taurin ɓawo galibi suna cikin rukunin farko, masu mai irin gyaɗa da waken suya kuma suna cikin na biyu. A lura cewa saukar ba a miƙe take ba: iri yana iya shafe shekaru yana kan 90, sannan ya gangaro da sauri, don haka da zarar an ga ya fara sauka a rage tazarar.

9. Sabunta iri

A shuka daga tsohon samfurin a fili mai tazara da sauran danginsa, domin ƙudan zuma suna kai ƙurar fure tsakanin layukan lablab, kuma abin da za a girba zai zama gauraye. Inda fili ya yi kaɗan a rufe da gidan raga. A shuka tsirrai da yawa gwargwadon hali, a ɗebi iri daidai wa daida daga kowanne, don kada 'yan tsirarun da suka fi yabanya su mamaye samfurin. Wasu nau'o'in stailo da lukina ba sa yin ƙullin saiwa da ke samar musu da sinadarin naitirojin sai an shafa wa irin ƙwayoyin bakteriyar da ta dace da su, saboda haka a tanade ta kafin shuka. Kwasfar da yawa daga cikin waɗannan tsirrai tana fashewa ta watsar da iri idan ta bushe, don haka a riƙa tsinka kowane kwana biyu ko uku maimakon jiran girbi ɗaya.

Sabon girbi a busar da shi a inuwa, a kai shi ga silika, a liƙe, sannan a sa a firiza, wadda za ta kashe ƙwaron wake da ƙwansa. Sa iri mai danshi a firiza yana kashe irin ne tare da ƙwaron. A ware wani kaso a aika wani rumbu daban don tsaro, aƙalla ƙwaya 300 ga samfurin da yake bai ɗaya, 500 ga mai gauraye, kamar yadda manyan rumbuna ke aika nasu ma'ajiyar Svalbard ta ƙasar Norway tun buɗe ta a 2008. Kada a juye sabon iri a cikin jakar tsohon. A ba shi lambar girbinsa, a buɗe masa sabon layi a rajista, a yi masa nasa gwajin farko na ƙwaya 200 kafin wata 12 su cika.